Na Riƙe, Turo

'Ya'yana maza biyu ba sa magana da juna. Wannan na sani, duk layinmu ma sun sani. Sai ga surukata, matar babban, muna zaune a tsakar gida tana ninke wanki, ta ce mini wai ai kullum cikin magana suke, tun safe har yamma.

Na ce, "Ke, kada ki raina mini hankali. Magana a ina? Ni nake kai musu abinci shago. Ko atishawa ɗaya ya yi, ɗayan ba ya ɗaga kai."

Ta ɗaga wayarta ta ce, "A nan, Inna."

Bari in fara daga farko, don ni ma sai da aka yi ta maimaita mini. Babba da Auta kafintoci ne, a shagon da marigayi babansu ya bar musu. A tsakiyar shagon akwai injin zarto, wani ƙaton tebur na ƙarfe mai haƙora a tsakiya. Mutum ɗaya ba ya iya tsaga dogon katako a kansa. Sai ɗaya ya tura daga nan, ɗaya ya karɓa daga can. Babansu bai bar musu dokoki da yawa ba, amma wannan ko da wasa ba a karya ta: mai turawa ya ce, "Ka riƙe?" Mai karɓa ya ce, "Na riƙe, turo." Idan ba a ji wannan ba, katako ba ya motsi. Ina jin muryarsa har yau.

Rigimar a kan kwata ta fara. Kwatar gaban shago ta toshe, ruwan sama ya shiga ya jiƙa musu katako. Auta ya ɗauki hotonta ya sa a waya, ya rubuta cewa ɗan majalisar yankinmu bai tsinana wa kowa komai ba. Shi kuwa Babba ba ya son a taɓa mutumin nan, tun ranar da ya zo mana ta'aziyya ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Sai Babba ya shiga ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa kwata ba aikin ɗan majalisa ba ce, laifin jam'iyyar da ke mulki ne. Ita ce kuwa jam'iyyar da Auta yake mutuwar so. Duk wannan suna zaune a benci ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa.

Daga kwata aka koma tsadar katako, daga nan kuɗin mota, daga nan wutar lantarki, har aka kai ga wanda ya fi wani iya karatu a makarantar firamare. Mutanen da ban taɓa gani ba suka shigo, kowa ya ɗauki ɓangare. Surukata ta riƙa karanta mini ina tsintar wake. Akwai wata wai ita Uwar Talakawa, akwai wani da ya sa hoton zaki a maimakon fuskarsa. Mai zakin nan yana bayan Babba. Shi ne ya rubuta wa Auta cewa da ganinsa uwarsa ba ta ba shi tarbiyya ba.

Na ajiye tiren na ce, "Uwar wa?"

"Uwar Auta, Inna."

"To wace ce uwar Auta?"

Ta kifa wayar a kan cinyarta. Can ta ce, wai kuma Babba ya danna wa maganar alamar babban yatsa, ma'ana ta yi masa daɗi.

Kai! Ranar ban san lokacin da na yafa mayafi a baibai ba. Na sami Babba a shago yana goge ƙafar kujera, na ce, "Kai daga bishiya ka faɗo? An zagi uwar ƙaninka ka tafa?"

Ya ce, "Haba Inna, ba ke ake nufi ba. Siyasa ce."

Na juya wajen Auta, ina tsammanin ko shi zai ji kunya. Sai ya taso da fara'arsa ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, na rama miki." Ya nuna mini waya kamar zan iya karantawa. Wai ya rubuta wa Babba cewa kaf gidansu babu wanda ya san mutunci.

Na ce, "Wane gidan?"

Ya sosa ƙeya. Wallahi na rasa wanda zan fara mari a cikinsu. Na zauna a kan wani gungume ina haki, kuma a nan ne na ga yadda suke aiki da injin yanzu. Babba ya ɗora katako a bakin zarto, ya zaro waya ya danna-danna. Wayar Auta ta yi ƙara daga can ƙarshen tebur, ya duba, shi ma ya danna-danna. Wayar Babba ta yi ƙara, sai ya tura. Ashe dokar babansu ce suka mayar cikin waya, don kada bakin wani ya buɗe wa wani. Na ce wa Auta, "Yanzu da wane hannun ka riƙe, kana rubuta ka riƙe?" Suka ɗauko wani katakon suka ci gaba.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga mota ta sauke bulo da siminti a bakin shago. Babba ne ya saya. Za a ja bango a tsakiya, kowa ya kama gefensa da ƙofarsa. Injin kuwa ba ya rabuwa biyu, don haka sun yarda, a waya, za a sayar da shi. Har wani dillali mai ƙaton tumbi ya zo ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya leƙa ƙarƙashi yana taɓe baki. Injin da mijina ya yi shekaru yana hana kansa sabuwar riga kafin ya mallaka!

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka na gaske da na ƙarya. Na kira kawunsu, ya zo ya zaunar da su, suka sunkuyar da kai kamar mutanen kirki. Yana fita ashe ya koma gida ya shiga wayar shi ma, ya goyi bayan Auta. Daga nan na bar mutane na koma ga Allah. Roƙona ɗaya ne, ban ƙara komai a kai ba: kada a ja bangon nan, kada yaran nan su rabu, in sake jin suna magana da juna kafin in mutu.

Ranar da magini zai zo, ina shara da safe, surukata ta fito daga ɗaki da gudu, ɗankwali a hannu.

"Inna! Ɗan majalisa ya sauya sheƙa! Ya koma jam'iyyar su Auta!"

Sai da ta faɗa sau biyu na gane. Mutumin Babba ya shiga jam'iyyar Auta. To ai shi ke nan! Na ce alhamdulillahi, na yar da tsintsiya. Na kama hanyar shago ina gaisawa da mutanen da ma ba na gaisawa da su, ina ta tsara yadda zan sallami magini in ba shi na mota.

Na tarar da magini ya riga ya ja igiya daga bango zuwa bango, ta bi ta kan injin. Yaran kuwa kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya, yatsu na ta rawa a kan waya, wayoyin na ƙara ba ƙaƙƙautawa.

Na ce wa Babba, "To, barka. Kun zama ɗaya."

Ya ce, "Da wa? Ni dai inda mai gida ya sa ƙafa nan nake. Jam'iyyar nan dama tana da mutanen kirki, 'yan baƙin ciki ne suka ɓata mata suna."

Na ce, "Ba kai ka ce su suka toshe kwata ba?"

"Wannan da ne, Inna."

Na juya ga Auta. Idonsa ya yi ja. Ya ce shi ya fita daga jam'iyyar tun da asuba, jam'iyyar da za ta karɓi wannan mutumin ba ta da amana, kuma dama can ita ta jawo tsadar katako.

Na ce, "Wannan ai maganar yayanka ce ta jiya."

Ya ce, "Jiya ƙarya yake yi. Yau ce ta zama gaskiya."

Na dubi magini ko shi ya gane wani abu. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai mai zakin nan ne ya ba shi mamaki, tun safe ya koma bayan Auta yana zagin Babba. Ashe magini ma yana ciki! Na tambaye su duka ukun, to yanzu wa ke gaba da wa, kuma a kan me? Kwatar fa, wa zai yashe ta? Kowa ya koma kan wayarsa. Na tsaya a tsakiyar shagon mijina, igiya na taɓa mini zane, ban san gefen da zan tsaya ba.

Sauran aiki ɗaya ya rage wa injin kafin dillali ya zo ɗauka da rana: wani dogon katako mai kauri na ƙofar wata mata. Magini ya ɗage igiyarsa. Babba ya kunna inji, ya ɗora katakon, ya zaro waya ya rubuta tambayarsa, ya jefa wayar a aljihun gaba. Nan take ta yi ƙara. Bai duba ba. Tun safe take ƙara, amma shi ya ɗauka amsar ƙaninsa ce.

Ni ina ganin Auta. Yana can ƙarshen tebur, kansa a sunkuye, hannayensa biyu a kan waya, yana rubuta wa yayan nasa raddi a kan jam'iyya. Na buɗe baki, ƙarar inji ta cinye muryata.

Babba ya tura. Katakon ya wuce babu mai karɓa, ƙarshensa ya rinjaya ƙasa, ya murɗe. Haƙoran suka cafke shi suka fizga, suka fizgo hannun Babba tare.

"Yaya!"

Wannan ce kalmar farko da na ji Auta ya faɗa masa tun damina. Ya yi tsalle ya kashe inji, wayar ta faɗi cikin garin katako ya taka ta bai sani ba. Ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, yana cewa, "Yaya, kalle ni, kalle ni, kada ka kalli wurin." Babba kuwa sai cewa yake, "Ai ka amsa. Na ji ka amsa." Ni salati kawai nake. Magini ne ya tare mota.

A asibiti suka ce babban yatsa da na kusa da shi, na hannun dama, ba za su gyaru ba. Muna zaune a benci a baranda, surukata ta yi kuka ta gaji, sai wayarta ta fara ƙara. Wani ya riga ya sa labarin. Wasu na cewa laifin gwamnati ne, wasu na cewa alhakin sauya sheƙa ne, Uwar Talakawa na tambaya wane asibiti ne don ta san jam'iyyar da ta gina shi. Mai zakin ya yi doguwar addu'a, ya ce Babba ɗan'uwansa ne na jini. Na ce mata, "Idan kika ƙara karanta mini kalma ɗaya, sai na jefa abin nan a kwata."

Dillali ya zo da rana kamar yadda aka yi, Auta ya kore shi tun daga bakin titi. Babu wanda ya sake kiran magini. Mai yatsu uku ba ya riƙe shago shi kaɗai, kowa ya san wannan, ba sai an rubuta a waya ba.

Yanzu sun koma aiki. Auta ne ke turawa, Babba ya koma can ƙarshen tebur yana karɓa da hagu, yana tallafawa da damtsen dama. Bulon na nan a bakin shago, a kansa nake zama idan na kawo abinci. Kwatar ma tana nan yadda take. Inji na tashi sai in ji Auta ya ɗaga murya.

"Yaya, ka riƙe?"

"Na riƙe, turo."

Abin da na roƙa ke nan, babu abin da aka rage mini. Ba a ja bango ba, ba su rabu ba, ga muryoyinsu ina ji da kunnena. Maƙwabta na ce mini in gode wa Allah, kuma ina godewa. Amma duk sanda ya ce ya riƙe, sai idona ya kai kan hannun, in kawar da kai in hau buɗe kwanon abinci.