Zaman Bayan Shago

Ranar Talata ce, an wayi gari da yayyafi, irin wanda ba ya hana mutum fita amma yakan jiƙa shi kafin ya ankara. Yaya ta raka ni har ƙofar asibiti, lema ɗaya muka shiga mu biyu, tana riƙe da hannun rigata kamar wanda zai gudu. Da gaskiyarta, na taɓa gudu. Ta ce in shiga, ita za ta wuce wurin aikinta, duk maganin da aka ba ni in kawo mata, ita za ta riƙa ba ni da hannunta. Na ce to.

Shekara biyu ke nan ina shan maganin tari da ƙwaya. Tun ina aji biyu na sakandare na bar makaranta, don ban iya zama wuri ɗaya ba. Na yi wankin mota, na yi dako, daga baya na shiga leburanci a wani gini mai hawa uku, ni da abokina Dogo. Wata rana katakon da muke takawa ya karye. Ni na cafki rodi, shi bai sami abin kamawa ba. Ƙarar da na ji da ya isa ƙasa, kwanon siminti na biye da shi, ita ce ta zauna mini a kunne. Kwalba ɗaya takan kashe ta na 'yan awoyi. Daga baya sai da biyu.

Ma'aikaciyar asibitin ta yi mini tambayoyi, ta ba ni maganin sati biyu don jikina ya daina rawa, sannan ta ce in hau sama, ƙofa ta ƙarshe a hannun hagu. Na ɗauka allura za a yi mini.

Tsohon ɗakin ajiya ne, da kujerun roba da fanka wadda ba ta aiki. Mutum shida na zaune, idanunsu a rufe, babu mai cewa uffan. A gabansu wani dattijo mai tumbi, da tabon ƙuna a damtsensa. Baba Direba suke ce masa. Shekara talatin ya yi yana jan tirela, kuma ƙwayar hana barci ce ta sauke shi daga kan sitiyari. Ya nuna mini kujera da haɓa.

Na zauna ina ƙare wa ɗakin kallo. Na duba kusurwoyi ko akwai abin ɗaukar hoto. Na duba ko akwai littafin da ake rubuta sunaye a kai wa 'yan sanda. Na zunguri na kusa da ni, na tambaye shi a hankali ko wani sabon addini ne. Ko ido bai buɗe ba ya ce mini numfashi ne kawai, in yi shiru.

Dattijon ya ce mu ji iska tana shiga hanci, mu ji tana fita. In hankali ya tafi yawo, a dawo da shi yadda ake dawo da mota kan titi in ta fara cin gefe, ba da fizga ba. Ƙafata sai kaɗawa take yi. Da na gaji na ce:

"Baba, numfashin da nake yi tun ranar da aka haife ni, shi za ka koya mini?"

"Tun ranar kake yi," in ji shi, "amma ka taɓa tsayawa ka gaishe shi?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da tsohon nan yake nema, kuma sai na gano shi.

A gida na miƙa wa Yaya maganin. Ta tambayi me aka yi mini, na ce allura. Ban san yadda zan ce mata an zaunar da ni a kujerar roba ina sauraron hancina ba, ga kuma mijinta yana zaune yana jin mu. Oga nake ce masa, don a shagonsa nake aiki, inda ake haɗa tagogin alminiyam da yankan gilashi. Shi ya ba ni aikin, shi ya ba ni ɗakin da ke bayan gidansa. Ba mugu ba ne. Sau biyu yana ɗauko ni daga bayan shago, na zube, yawu na zuba. A karo na biyu ya faɗa a gaban Yaya cewa in ya ƙara gani, da shagon da ɗakin duk na bar su, kuma kada wanda ya zo ba shi haƙuri. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce ta ji.

Na ci gaba da zuwa kowace Talata, da farko don in kama tsohon. Ina jira ranar da zai fito da wani garin magani ya ce mu saya, ko ya ce mu kawo hotunanmu. Sau ɗaya ma na bi shi a baya bayan an tashi. Ya tsaya ya sayi ayaba, ya yi musu da mai gyaran takalmi a kan ƙwallo, ya hau bas ya tafi. Na tsaya a bakin titi kamar wanda aka yi wa wayo.

A sati na huɗu ya koya mana abin da za mu yi in ƙishin abin ya taso, ko in wani tsohon abu ya dawo wa mutum a kai. Ya ce a sami wuri a zauna, a riƙe wani abu mai sanyi a tafin hannu, a nemi inda abin yake a jiki, ko ƙirji, ko maƙogwaro, ko ciki, a zuba masa ido kawai. Kada a kore shi, kada a bi shi. Ya ce yakan hau ya sauka, kuma da wuya ya wuce minti goma sha biyar. Na yi niyyar ƙaryata shi. Da ya taso mini washegari na duba agogon waya, na riƙe ƙarfen gado, na zauna. Nawa a maƙogwaro yake, kamar an ɗaura mini wayar ƙarfe ana ja. Da ya sake ni na sake duba agogo: minti goma sha ɗaya. Haushi ya kama ni, don ban so tsohon ya yi gaskiya ba.

Shagon gilashi ba wurin mai irin kunnena ba ne. Sandar alminiyam takan faɗi a kan siminti, guntun gilashi yakan tarwatse, kuma duk lokacin sai in ji Dogo ya sake faɗowa. A da, kemis nake nufa. Yanzu sai na nemi wata kwalbar lemo ta roba, nakan cika ta da ruwa in sa a firjin mai shagon da ke kusa da mu. In abin ya zo, in ɗauko ta, in zagaya baya, in zauna a kan wani bulo, in jingina da bango in rufe ido. Minti goma, in dawo bakin aiki. Har hannuna ya daidaita, na fara jan layi a kan gilashi sau ɗaya in ɓalle shi ba tare da ya ci baki ba.

A lokacin ne na lura Oga ya canza. In zai ba ni awo sai ya matso kusa da fuskata fiye da yadda ake buƙata. Yakan sa ni in karanta masa tef sau biyu. Wata rana na tarar da aljihun rigata da na rataye a waje, an zaro shi ba a mayar ba. A gida kuma Yaya takan kira ni tsakar gida inda haske yake, ta yi ta yi mini hira marar kai tana kallon ƙwayar idona. Ta ce Auta, ka yi shiru kwanan nan, kai da ko abinci a tsaye kake ci. Ni kuwa na ɗauka wani ne ya gan ni a ɗakin sama ya kawo musu labari, suna jira in faɗa su yi mini dariya. Sai na ƙara kama bakina. Kowace Talata ta tambaya, in ce allura.

Rana ta saba'in da ɗaya da dainawata, da hantsi, aka kawo wani babban gilashi na ƙofar wani kanti. Muna sauke shi daga mota, ni a gaba, Oga da direban a baya, sai ya suɓuce daga hannun direban. Ban taɓa jin ƙara mai kama da waccan kamar wannan ba. Idona ya rufe, na ji warin jiƙaƙƙen siminti alhali babu shi a wurin. Suna ta faɗa da juna a kan wa ya saki, ni kuwa na tsallake tarkacen, na ɗauko kwalbata, na zagaya baya.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Abin ya fara sauka ke nan, na ji an fizge kwalbar. Oga ne. Ya buɗe ya sansana, ya zuba kaɗan a ƙasa yana duba launi, ya ɗanɗana da harshe ya tofar.

"Me ka jiƙa a ciki?"

"Ruwa ne, Oga."

"Wancan karon ma ruwa ne ka ce. Bulon nan dai, bangon nan dai, kwalbar lemo dai, ido a rufe dai. Sati shida ina leƙo ka ta taga, ina cewa bari in ba ka uzuri."

Sai a lokacin na kalli inda nake zaune. Bulon da ya ɗauke ni a kai ne sau biyu. A irin wannan kwalba nake haɗa maganin tari da lemo. Ni wuri mai inuwa kawai na nema, ƙafata ce ta kai ni inda ta saba.

Na yi masa bayani, na faɗi ɗakin sama, da Baba Direba, da numfashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya maimaita kalmar a hankali, numfashi, kamar yana juya tsabar da yake shakkar ta jabu ce. Ya ce in wuce gida.

Da la'asar Yaya ta birkice ɗakina. Ta ɗaga katifa, ta zazzage takalma, ta leƙa saman ƙofa. Ba ta sami komai ba. Oga ya ce rashin samun ma shaida ce, na ƙware ke nan. Na ce mu je wurin Baba Direba ya faɗa musu da bakinsa. Da ya ji tsohon ma ya taɓa sha, ya ce ɗan ƙwaya ai ba zai ƙi shaidar ɗan ƙwaya ba. Na ce a gwada fitsarina. Ya ce ranar Talata kawai suke gwaji, kafin nan na wanke cikina da ruwa, ya san dabarun.

Yaya ta ɗauki mayafinta ta fita. Ashe asibitin ta tafi. Ba ɗakin sama ta tambaya ba, allurar ta tambaya. Ma'aikaciyar ta duba katina ta ce ba a taɓa yi mini allura ba, maganina ma ya ƙare tun sati na biyu. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta shigo ba.

"Sati goma ina tambayarka, Auta. Sati goma kana kallon idona kana cewa allura. Yau kuma ka ce numfashi. Wanne zan ɗauka?"

Na ce na biyun ne gaskiya, kunya ce ta sa na yi na farkon. Ta ce da ma kullum na biyun ne gaskiya, har sai na uku ya zo. Ba ta roƙi mijinta ba, ni ma ban ce ta roƙa ba.

Washegari da safe na sa kayana a jaka na fita. Hanyar tasha ta gaban kemis ɗin ta bi, wanda ba ya tambayar takardar likita. Mai shagon ya hango ni, ya ɗaga mini hannu yana murmushi, ya ce kwana biyu. Na tsaya a tsallaken titi. Wani abu a kaina yana cewa tunda an riga an yanke maka hukuncin, ai gara ka aikata laifin. Na sayi ruwan sanyi na leda, na zauna a bencin masu jiran mota, jakata a tsakanin ƙafafuna, na riƙe ledar da hannu biyu. Ban rufe ido ba, na kafa shi a kan wani murfin kwalba da ya nutse a kwalta. Ruwan ya huce a hannuna abin bai sauka ba. Na sayi wani. Motoci huɗu suka cika suka tashi. Sai da na kusa awa ɗaya sannan wayar da ke maƙogwarona ta saki, na miƙe na hau ta biyar.

Ranar Talata na gaya wa Baba Direba ya yi mana ƙarya, ba minti goma sha biyar ba ne. Ya ce wani hawan ya fi wani tsawo, kuma da lodi na hau. Da na ba shi labarin duka, ya daɗe yana sosa tabonsa. Ya ce laifinsa ne da bai ce mu gaya wa na gida ba, amma ni ma zama ya ce in yi, bai ce in ɓuya ba. Ya nemi lambar Yaya ya kira ta a gabana. Ta saurare shi da ladabi, ta yi godiya, ta ce za ta yi tunani.

Yanzu ina wankin mota, ina kwana a ɗakin wani abokin aikina. Abin da na rasa: aikin gilashi, lokacin da hannuna ya fara iyawa. Ɗakin bayan gida. Abin yankan gilashin da Oga ya ce zai zama nawa in na cika shekara. Gaisuwar Oga. Da kiran da Yaya take yi mini kullum da rana ta ji ko na ci abinci, yau sati biyar ke nan.