Ƙwallon Kaɗe a Aji Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya Tica Wumbei ya yi yana koyar da aji shida a firamaren da ke bakin hanyar Kumbungu. Sai malamar aji ɗaya ta tafi haihuwa, hedimasta ya kira shi ofis ya ce ya riƙe mata ajin kafin ta dawo.

"Ni? Aji ɗaya?"

"Kai fa. Ka nemi hankici babba, za ka sha share majina."

Yara hamsin da takwas ya tarar, uku uku a benci, wasu a ƙasa. Wumbei mutum ne mai ji da kyan rubutunsa, don haka ya cika allo da lambobi masu kyau kamar an buga da inji, ya ɗauki sanda yana nunawa suna bi da Turanci. Cikin mako biyu suna rera ɗaya zuwa ashirin har matan da ke wucewa rijiya suna jin su. Amma ranar da ya aiki wata yarinya ta kawo masa tsakuwa huɗu, sai ta ciko siket ɗinta taf ta zube masa a tebur, tana murmushi tana jiran tafi.

A benci na biyu akwai tagwaye, Dawuni da 'yar'uwarsa Pagna. Pagna ba ta gani, ƙyanda ta tafi da idonta tun tana shekara biyu. Wumbei yana tausayinta ƙwarai, shi ya sa bai taɓa tambayar ta komai ba. Dawuni kuwa shi ne abin alfaharinsa. Da ya ce, "Uku da huɗu?" sai yaron ya ɗan motsa a benci, ya yamutsa fuska kamar mai tunani mai zurfi, ya ɗaga hannu.

"Bakwai, Tica!"

"Ku tafa masa! Kun ga mai kai?"

Wata Laraba da hantsi sai ga kakar tagwayen, Mma Sanatu, a bakin ƙofar aji, da kwanon ƙwallon kaɗe a ka. Aka gaisa, ya tambayi gida, ta tambayi aiki, sannan ta sauke kwanon.

"Tica, yara nawa nake aiko maka?"

"Biyu, Mma."

"To kullum ɗaya ke dawo mini da alli a hannu. Ɗayar hannunta tas kamar amarya. Baƙuwa ka mayar da ita?"

Wumbei ya sosa ƙeya. Ya ce ai ba su da kayan koyar da makafi, makarantar makafi tana can garin Wa, tafiyar yini guda, kuma shi duk abin da yake yi a allo yake yin sa.

"Garin Wa? In kai yarinya mai shekara shida har Wa, ga makaranta a bayan gidana?" Ta ɗan karkata kai tana kallon sa. "Yarinyar nan ita ke kwaso mini ƙwan zabi. Ran nan ta ce, Kaka, jiya tara ne, yau bakwai, wani ya ɗauki biyu. Kuma kawunta ne, na kama shi yana soyawa. Da ido ta gane?"

Ta ɗora kwanonta ta tafi, ta bar shi tsaye da alli a hannu.

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya zo da gyaɗa mudu guda, ya raba wa kowa biyar biyar, har da Pagna, ya ce yau da hannu za a yi lissafi. Ya juya don ya goge allo. Ko da ya waiwayo, bakuna hamsin da takwas suna motsi.

"Biyar a cire biyu, saura nawa?"

Wani ɗan gajere a gaba ya buɗe tafin hannunsa. "Tica, saura ɓawo."

Da yamma ya hau babur ya je gidan Mma Sanatu aron ƙwallon kaɗe, tunda shi dai ba mai taunawa. Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta auna masa kwano biyu, ta ce in ɗaya ya ɓata ta san inda yake kwana. Daga nan ya bi masu shayi ya tattaro tsofaffin kiret ɗin ƙwai. Kowane kiret ya yanka shi uku, kowane yanki rami goma, biyar a sama biyar a ƙasa. Matarsa ta dama masa kullun rogo, ya liƙa igiyar buhu a kan kwali da siffar lambobi, daga ɗaya zuwa tara, yadda yatsa zai bi ya ji. Tana tsaye a kansa tana tambaya ko sana'ar ƙwai zai koma.

Ran Litinin ya ajiye wa Pagna nata yankin. Ta lalube ramukan da yatsu, layin sama sannan na ƙasa, ta jefa ƙwallo a ɗaya ta ji ya zauna daram. Ta ɗauki kwalin lamba uku ta bi igiyar a hankali.

"Tica, wannan ce uku? Ashe ciki biyu gare ta."

Ajin ya ɗauki dariya, nan da nan kowa ya ce shi ma sai ya taɓa cikin uku. Kayan ba su isa kowa ba, sai ya raba su rukuni rukuni. A rabon ne Dawuni ya faɗa kusa da taga, Pagna kuma kusa da ƙofa.

"Dawuni, nuna musu. Biyu da huɗu?"

Dawuni ya dubi rufi, ya dubi ƙofa, ya shafa cinyarsa.

"Kai nake jira. Biyu da huɗu."

"Tica, ta yi nisa."

"Wa ya yi nisa?"

"Pagna. Ita ke mintsini na a cinya. In ta mintsine ni sau bakwai, sai in ce bakwai."

Wumbei ya sami gefen tebur ya zauna. Wata guda ke nan yana sa a tafa wa cinyar Dawuni. Ya dubi yarinyar, ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

"Pagna, gaskiya ne?"

"Tica, ai ni ba ka tambaya ta. Kuma in na san amsa ba na iya riƙe ta."

"Da me kike lissafawa?"

Ta ɗaga hannu ta nuna gaɓoɓin yatsunta. Kunya ta kama shi har ya ji zafi a kunne. Ya yi gyaran murya.

"To, biyu da huɗu?"

"Shida."

"A tafa mata. A ƙara. Na wata guda ne."

Daga ranar aikin ya sake kama. Ya rage rubutu a allo, duk abin da ya rubuta kuma sai ya faɗe shi da baki, da Turanci da yaren gida. Yarinyar da ta taɓa ciko siket da tsakuwa ta gane huɗu ita ce layin sama saura rami ɗaya. Ɗan gajeren nan mai ɓawo, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, shi aka ba rabon ƙwallo, goma goma, kuma ba ya kuskure. Dawuni ne ya sha wuya. Kwana uku yana kumbura baki, yana cewa kaɗe na mata ne. A na huɗu ya jera biyu, ya jera huɗu, ya ƙirga ya ce biyar. Ya sake ƙirgawa yana taɓa kowane, ya ce shida, ya dubi Tica da shakka.

"Shida ne. Naka ne wannan, ba na aro ba."

Hedimasta ya leƙo sau ɗaya, ya ce ajin ya koma kasuwar Kumbungu. Ya tsaya ya ga wani yaro yana cire uku daga takwas, ya juya ya fita.

Ana cikin mako na shida, Wumbei ya ba su bakwai da huɗu don ya ga yadda za su yi. Aji ya yi tsit, sai ƙarar ƙwallo a rami. Can Pagna ta ɗaga hannu, da ƙwallo ɗaya a tsakanin yatsunta.

"Tica, gidan ya cika. Wannan ina zai kwana?"

Ya ɗauko nasa yankin da ke kan tebur ya ajiye mata a gefe. Ta sa ƙwallon a ramin farko, ta dafa cikakken da hagu, ta dafa sabon da dama.

"Goma, da ɗaya," in ji ta. "Au! Shi ya sa ake cewa goma sha ɗaya?"

Sauran suka taso, kowa da ƙwallonsa marar gida, kowa yana son yanki na biyu, shi kuwa babu ko ɗaya. Ranar kasuwa ya je wurin mai sayar da ƙwai a Kumbungu. Matar ta dube shi sama da ƙasa.

"Tica, mutane ƙwai suke saya su bar mini kiret. Kai kiret kake so ka bar mini ƙwai?"

"Ashirin nake so, Mma, ko da sun tsufa."

Sha huɗu ta samo masa. Ya ɗaure su a bayan babur, ya dubi gabas ya ga hadari ya haɗo. Kiret na takarda ne, ɗigo kaɗan ya ishe shi. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓe su, ya ja babur da singileti, mai ƙwai tana ƙwala masa kira wai ya manta bai sayi ko guda ba.