Tsinke Mai Zuba

"Umma, me ya sa ruwan rijiyarmu yake warin bayin Alhaji?"

Afra ce ta yi tambayar, 'yar shekara huɗu, kuma a gaban Alhaji Salmanu ta yi ta, mai gidan hayar da suke ciki a Fagge, yana tsugune yana alwala da ruwan. Ummakulsum ta toshe wa 'yarta baki, ta ce Alhaji ya yi haƙuri, yarinta ce. Amma da ta shiga ɗaki maganar ta ƙi sakinta. Tun faɗuwar damina yarinyar take gudawa, ta warke ta koma, har wuyanta ya fara tsawo. Ga sabon masai da Alhaji ya sa aka haƙa bara, bango ɗaya ne tsakaninsa da rijiyar.

Washegari ta yafa gyale ta nufi Sabon Gari wajen Nkechi, ƙawarta tun layin awon ciki, wadda ke sayar da kayan gwaje-gwaje na makarantu. Nkechi ta ɗauko wata 'yar kwalba cike da siraran takardu kamar tsinken ashana, kowanne da ɗigon magani fari a kansa.

"Maman Afra, tsomawa za ki yi ki cire. Ba ya ganin ƙwayar cuta, amma in masai yana tsatsowa cikin rijiya, kan nan zai koma ruwan hoda. In ya koma, ko akuya kar ki ba."

A tsakar gida ta yi gwajin, a gaban mutane, don kada a ce ta yi wa rijiya sharri. Ta ja guga, ta tsoma. Kafin ta gama bisimilla kan tsinken ya wuce ruwan hoda, ya doshi zoɓo.

Alhaji Salmanu dillalin atamfa ne a Kantin Kwari. Ya karɓi tsinken, ya ɗaga shi a rana, ya murza da yatsa, ya girgiza kai cikin tausayi.

"An cuce ki, 'yar nan. Zuba yake."

"Alhaji, ai aikinsa ke nan, ya canza launi."

"Gemun nan a Kwari ya yi fari. Duk abin da aka tsoma a ruwa ya canza launi, jabu ne. Ba ni wani."

Ta ba shi. Ya tsoma da kansa, shi ma ya rine.

"Kin gani? Duk dila ɗaya ce."

Ya shiga ɗaki ya fito da turmin atamfa 'yar Holan, ya sa almakashi ya yanko siririn ƙyalle daidai tsawon tsinken. Ya jefa a guga, ya bar shi ya sha ruwa sosai, ya tsamo. Koren yana nan kore, ɗorawar tana nan ɗorawa.

"Da kaya mai asali ake gwaji," in ji shi. "Rijiya lafiyarta ƙalau."

Ummakulsum ta ce ita dai a rufe rijiyar. Shekarar kuwa ita ce wadda sojoji suka koma bariki, zaɓe na kan kowa, ko limamin zaure za a canza sai an kaɗa ƙuri'a. Alhaji ya ce mulkin kama-karya ya wuce, ba za a rufe rijiya da dokar soja ba. 'Yar tinƙe za a yi, shi ne alƙalin zaɓe. Mai son rijiya ya tsaya bayan rijiya, mai son tsinke ya tsaya bayan tsinke.

Aka soke tsinken a jikin bulo. 'Yan haya suka dubi Alhaji, suka dubi ɗakunansu, suka jeru bayan rijiya. Wata akuya da ke kwance a wurin tun safe aka haɗa da ita a lissafi. Hamzat, mijin Ummakulsum, ya tsaya a tsakiya ya harɗe hannu, ya ce shi ɗan sa ido ne. Bayan tsinke daga Ummakulsum sai Afra, riƙe da zanin uwarta, ita ma Alhaji ya soke ƙuri'arta saboda ƙarancin shekaru.

Rijiya ta lashe zaɓe. Har guɗa aka yi.

Ummakulsum ta ɗebo ruwan a kofin silba, ta durƙusa ta miƙa.

"To Alhaji, tunda ta ci, sai a rantsar da ita. Bisimilla."

Alhaji ya leƙa kofin. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro ruwan leda, ya huda da haƙori.

"Alƙalin zaɓe ba ya karɓar komai daga hannun ɗan takara. Cin hanci ne."

Ba ta ɗaukaka ƙara ba. Ta wanke randarta ta mayar da ita ƙuryar ɗaki. Daga ranar sai ruwan famfo daga wajen 'yan garuwa, kowace jarka sai ta sha tsinke a ƙofar gida, sannan a tafasa. 'Yan garuwa suka sa mata suna Hukumar Zaɓe, waɗanda ba su yarda da ruwan jarkokinsu ba suka daina biyowa ta layin. Hamzat ya ci gaba da sa ido, amma daga randar ɗaki yake sha. Kafin kaka Afra ta mayar da kumatunta. Rijiya kuwa ta ci gaba da wa'adinta, 'yan layinta suna bin wani layin a ƙofar bayi.

Ke da kike karanta wannan da yaro a cinya: in kin tsoma tsinke ya canza launi, kada ki tsaya jin ra'ayin ɗan Kwari, kada ki yarda a kai maganar zaɓe. Kifar da ruwan nan tun kafin yaron ya miƙo hannu.