Igiyar Ƙafar Harisu

Balkisu na tsintar albasa ta hango farar mota ta ratso lambunan Bangi. Ta yar da kwando ta sheƙa a guje, tana kiran mata: "Ya zo! Wallahi ya zo!"

Anspekterin aiki ne daga Madawa. Ta sha zarya zuwa ofishinsa tun ranar da ɗakin leburori ya rufto wa mijinta Harisu, ya karya masa ƙugu. Gara ce ta cinye azarar rufin. Alhaji Jima, mai lambun, shi ya gina ɗakin ya zuba leburorinsa ciki, amma ya rantse ba zai ɗauki nauyin magani ba. Harisu kuwa yana kwance asibiti, ana jiran mai tsaya masa kafin a yi masa aiki.

Kan ka ce me, jama'a sun kewaye kufan ɗakin.

"Mushe, ɗakina na, ban musu ba," in ji Alhaji, yana kiran anspekter da laƙabin girmamawa na Faransanci. "Amma bayan azahar ta, lokacin hutu. Kwana shikai! Wa ka biyan mutum ladar kwana?"

Anspekter ya dubi tulin ƙasar. "Su nawa ne a ciki?"

"Da yawa. Duk sun hito."

"To me ya hana Harisu fita?"

Balkisu ta tuna shatar da ta gani a idon sawun mijinta. Ta haye ɓaraguzan, tana tono da hannu, ƙasa na shiga mata farce, har ta kamo bakin wata igiya inda aka yanke ta da wuƙa. Ta ja, ta ja. Ɗaya bakin na ɗaure jikin injin ban ruwa da ke binne a lungu.

"Ɗaure shike, Mushe! Ga ta!"

Sai fuskar Alhaji ta washe. Ya matso yana gyara hula.

"A'aha! Wagga dabara tawa ta. Dare ko rana, in an shigo da inji, mutum guda shi ɗaura igiya ga ƙafa kahin shi kwanta. Ɓarawo na taɓawa, shi farka. Duk kwarin ga ba wanda ba a sace ma inji ba, sai ni!"

"Ke nan ko barci yake, gadi yake maka?"

"Gadi kuwa! Ya hi na kare..."

Ya tsaya, baki buɗe. Leburori suka kwashe da dariya, wani tsoho har da riƙe ciki.

"To, Alhaji, ka faɗa da bakinka," in ji anspekter. "Haɗarin aiki ne. Magani na wuyanka, da ladarsa har ya warke."

Balkisu ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa daga bakin rijiyoyi. Ta kwance igiyar daga injin, ta naɗe a hannu, ta nufi hanyar tasha.

"Ke ɗiyar nan, igiyata!" Alhaji ya ƙwala mata kira.

"Sai Harisu ya gan ta, Baba Alhaji!"