Kifaye Uku a Bokitin Yashi

Malama ta dawo daga aiki ta tarar Yayanta ya wanke mata tankin kifi tas, amma siraran kifayenta uku masu gashin baki, waɗanda ta fi ƙauna, babu su.

"Kwanansu ne ya ƙare, ƙanwata, sai haƙuri," in ji Yaya.

Halin da ke ƙona mata rai ke nan: mutum bai duba ba, ya jingina wa ƙaddara.

"Ina tsohon yashin da ke ƙasan tankin? In sun tsorata, cikinsa suke nutsewa!"

"Yana bokiti, yanzu zan zubar."

Ta durƙusa ta tura yatsu cikin jiƙaƙƙen yashin. Ga su nan suna mutsu-mutsu, duka ukun. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Yaya, bar ta'aziyyar haka, miƙo min ruwa a kofi."