Gurbin Mama Kreszenz

"Ba zan sa hannu ba," in ji Mechthild. Ta tura takardar da alƙalamin suka koma gaban Korbinian.

Suna zaune ne a Roma, a kicin ɗin mahaifiyarsa, Mama Kreszenz, wadda ta rasu jiya da hantsi. Kofinta yana nan a kife bakin famfo. Takardar na cewa wai tsohuwar ta sake shawara kafin ta cika, ta yarda a kai gawarta birnin Munich a binne, inda ɗan nata ya samu aiki. Shaida ɗaya ake nema, kuma Mechthild, maƙwabciyarsu ƙofa da ƙofa, ita ce ke riƙe da hannun tsohuwar har rai ya fita.

"Haba, malamar jami'a," ya ce da murmushin dole. "Layi biyu ne fa. Saura wata uku aurenmu. Haka za mu riƙa tafiyar yini guda don mu kai mata fure?"

"A gabana ka durƙusa ka ce, 'Mama, kusa da Baba za ki kwanta.' Ko ba kai ba ne?"

"Mai jinya lallashinsa ake yi. Ke ma kin sani."

"Ni ban sani ba."

Shekara arba'in da ɗaya Mama Kreszenz ta yi a Roma. Mijinta Alois, mai gasa burodi, yana kwance a 'yar maƙabartar masu jin Jamusanci da ke gindin babbar majami'ar Bitrus. Duk Asabar da safe takan je wanke dutsen kabarinsa, Mechthild na ɗauke mata bokiti. Mai gadin ƙofa ba ya barin kowa ya wuce sai ya roƙa da Jamusanci, tsohuwar kuwa sai ta tsokane shi tukuna.

"Ɗana, wannan Jamusancin naka na Suwizalan ne, ko kurkure maƙogwaro kake yi?"

A ciki takan duƙa tana cire ciyawa tana mita. "Wai ƙasar nan daga Kudus aka kawo ta. Ni dai abin da na sani, ciyawa na son ta." An riga an sassaƙa sunanta a ƙarƙashin na Alois, da shekarar haihuwarta, sai fili a gaba inda za a sa shekarar rasuwa. Takan shafa filin ta ce, "Kin gani? An yi mini shimfiɗa, ni ce na makara."

Mechthild ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki?"

"Wajen Fada."

"Idan kika kai masa maganar nan, kada ki biyo ni Munich."

Ta dube shi. Mutumin da ta ƙi maza biyu saboda shi ke nan. Ta ja ƙofar a hankali, don akwai gawa a gidan.

Ta tarar da Fada, limaminsu, a cikin coci yana gyara kyandira. Ashe Korbinian ya buga masa waya tun jiya da tsakar rana, kafin ma a rufe wa tsohuwar fuska, ya ce tsohuwar ta sake shawara, kuma Mechthild za ta shaida.

"'Yata, me kika ji da kunnenki?"

"Cewa ta yi a sa mata baƙar rigarta, a kai ta wajen Alois. Sau biyu ta faɗa."

Fada ya buɗe aljihun tebur ya fito da wasiyyar da tsohuwar ta bari tun shekarar da mijinta ya rasu, cewa a binne ta kusa da shi. Babu wata takarda da ta soke ta.

Ranar Alhamis 'yan ƙungiyar cocin, sanye da baƙaƙen riguna, suka ɗauki akwatin suka ratsa da shi tsakanin itatuwan maƙabartar zuwa gefen Alois. Korbinian ya tsaya can baya. Kafin a gama zuba ƙasa ya tafi. Da ta koma gida ta tarar da littattafanta da ke ɗakinsa a cikin kwali bakin ƙofarta, ko 'yar wasiƙa babu.

Auren bai yiwu ba. Danginsa suka daina amsa gaisuwarta, mahaifiyarta ma ta ce taurin kai ya ja mata. Abin da kalmomi biyar ɗin nan, "Ba zan sa hannu ba," suka ci mata ke nan, kuma ba ta janye ko ɗaya ba.

Bayan sati uku ta roƙi mai gadi da Jamusanci, ta shiga da bokitinta ita kaɗai. Mai sassaƙa ya riga ya cike filin. Sabbin lambobin sun fi tsofaffin fari, ƙurar dutse na maƙale a cikinsu. Ta jiƙa tsumma ta fara gogewa.