Gemun Baba Gaetano

Firmin Lachenaud mai zane ne, kuma ba ya zana abin da idonsa bai gani ba. Haka aka koya masa a makarantar zane tun yana saurayi, haka ya yi furfura a kai. In takalmi zai zana, sai an ajiye masa takalmi. In doki ne, sai ya tafi barga. Bai yi wani suna ba a Paris, amma duk shekara alƙalan Salon, babban baje kolin zane na gwamnati, suna karɓar aikinsa, kuma da wannan yake samun masu saye da ɗalibai. Wanda aka maido wa da aikinsa kuwa, shekararsa ta lalace.

A waccan shekarar wani sarkin Girkawa yake zanawa, wanda 'ya'yansa suka kora daga gari, yana zaune a kan dutse cikin baƙin ciki. Ya gama dutse, ya gama mayafi da ƙafafu da idanu. Gemu kaɗai ya rage, don kullum shi yake bari na ƙarshe, kamar mai ajiye tsoka sai ya cinye dankali. Ga ranar rufe karɓar zane ta kawo jiki.

Gemun na Baba Gaetano ne, wani tsoho ɗan Italiya da ba shi da sana'a sai ya zauna shiru a zana shi. Gemu ne fari fat har cibiya. Rabin sarakunan da ke rataye a bangon garin nan, nasa suka ara. Shi da Firmin sun fi shekara ashirin tare.

Wata safiya aka buga ƙofa. Léontine, matar Firmin, ta buɗe, ta ga wani tsoho da 'yar mitsitsiyar haɓa.

"Malam, ba ma sayen komai," in ji ta.

"Uwargida, ni ne fa."

Ta ƙura masa ido, sai ta toshe baki da ƙyallen goge hannu. "Firmin! Fito ka ga sarkinka, an fige shi!"

Firmin ya fito da buroshi a hannu. Ya dubi fuskar, ya dubi ƙasa, kamar gemun ya faɗi ne a bakin ƙofa.

"Ina yake?"

"Yana wurin wanzami, Maigida. In bai share ba."

"Hauka ka yi?"

"Aiki na samu. Surukina ya sama mini gurbi a gidan wani likita, ina buɗe ƙofa ina karɓar huluna. Matar gidan ta ce bara ba ya ajiye gashi a fuska, ka san dokarsu. Gidan akwai ɗumi, akwai miya. Gwiwoyin nan sun gaji da zama cikin zanen gado a gaban murhunka da ba ya ci."

"Ka kasa jira mako ɗaya, tsohon banza?"

"Ai ka ce ka kusa gamawa. Tun kafin Kirsimeti kake kusa gamawa."

Léontine ta ce, "Shekara ashirin kana kallon gemu ɗaya. Ka zana shi da ka mana."

Ya gwada. Abin da ya fito ya fi kama da igiyar jirgin ruwa da ta warware. Ya kankare. Ya je dandalin da masu zama a zana su suke taruwa, ya tarar duk mai gemun kirki an kama shi, lokacin kowa na sauri ne. Ya aro gemun ƙarya daga gidan wasan kwaikwayo, ya roƙi Gaetano ya zo ran Lahadi, ranar hutunsa, ya manna masa da gam. Léontine ta leƙo ta ce ta ga bunsuru ya fi wannan kwarjini. Gaetano ya yi atishawa, gefe ɗaya ya ɓalle.

Firmin ya fizge sauran ya jefar. Ya zauna a kujera yana huci, tsohon yana kan akwatin da ke zaman dutse, da mayafinsa, da kambin gwangwani, da haɓa tsirara.

To, a nan ne abin ya kama shi. Bai taɓa tsayawa ya kalli bakin mutumin nan ba. Goshi da kumatu baƙaƙe, rana ta dafa su, amma daga hanci zuwa wuya fari sol kamar na jariri. Idanun suna nan da baƙin cikinsu na kullum. Leɓen kuwa ya karkace gefe guda, ya ɗan ɗaga sama.

"Me kake yi da bakinka?"

"Ba komai, Maigida."

"Dariya kake."

"Ai kullum haka nake. Ƙaton mutum a sa masa gwangwani a ka, a ce ya yi kukan ƙasar da bai taɓa gani ba? Gemu ne yake rufa mini asiri."

"Duk shekarun nan?"

"Har da ranar da na yi maka sarkin da aka kashe wa ɗa."

Firmin bai yi fushi ba. Ya matso da kujera har yana jin warin tafarnuwa a numfashin tsohon. Ya juya masa kai zuwa taga, ya mayar. Yadda ido ke kuka baki na dariya a fuska ɗaya, shi ne bai gane ba, kuma bai taɓa ganin an zana ba. Wa ya ce sarkin da 'ya'yansa suka kora ba zai ga abin dariya a ciki ba?

"Kada ka motsa," in ji shi.

Léontine ta ga inda aka dosa. "Firmin, alƙalan nan ba su san sarki ba sai da gemu. Kai ma ka sani."

"Na sani."

"To?"

"To ga abin da ke gabana. Shi zan zana."

Ya zana haɓar yadda take, da farinta, da yankan aska a gefe, da karkataccen leɓen. 'Yan dako suka zo suka ɗora zanen a amalanke fentin bai gama bushewa ba.

Alƙalai ba su ɓata lokaci a kansa ba. Zanen ya dawo da jan hatimin ƙi a bayansa. Wani tsohon abokin karatunsa da ke cikinsu ya tare shi a hanya ya ce, "Lachenaud, me ya same ka? Ka kawo mana mai sayar da kifi yana yi mana dariya." Ɗalibansa biyu suka koma wurin wani malami. Léontine ta yi kwanaki ba ta ce masa komai sai "ga abinci".

Shi kuwa ya sa hularsa ya nufi gidan likitan, ya ja ƙararrawa. Gaetano ya buɗe, cikin baƙar riga mai maɓallan tagulla.

"Maigida, na ji labari. In kana so in bar shi ya tsiro, sai in…"

"Ka kuskura. Lahadi mai zuwa kana da aiki?"

"Wane sarki kuma?"

"Babu sarki. Bakin nan nake so in gani daga ɗaya gefen. Ka yi aski kafin ka zo."